Tarihin Likita Paul Ehrlich, Marinin Jini

Bayan haka, ku sani an haifi Paul Ehrlich a shekara ta 1854 a garin Strehlen, wanda a zamaninsa yana ƙarƙashin Jamus, yau kuwa yana cikin Folan. Tun yana ɗalibi zuciyarsa ta ɗamfaru ga sha'anin rini. Ɗan'uwansa Karl Weigert ne ya fara nuna masa yadda ake rina tsokar jiki don a duba ta a madubin likita.

A 1878 ya sauke karatun likita a Leipzig, ya kama aiki a babban asibitin Barlin. A wannan zamani an san akwai fararen ƙwayoyi cikin jini, waɗanda su ne dakarun jiki masu yaƙi da cuta, amma rarrabe su ya yi wuya, gama ba su da launi.

Sai Ehrlich ya shafa ɗigon jini bisa gilashi, ya busar da shi da zafi, ya zuba masa rini iri iri. Ashe ƙwayoyin nan kowace da rinin da take sha. Wata ta sha ja, wata ta sha shuɗi kamar zane a marina, wata ta tsaya tsaka-tsaki. Ya raɗa musu suna gwargwadon haka: iyosinofil, basofil da niyutirofil.

To, abin da aka rarrabe shi ake iya ƙidayawa. Har yau ma'aikacin asibiti yakan ƙirga ƙwaya 100 ya ga rabon kowace iri, ko kuwa na'ura ta ƙirga masa. Ga mai lafiya niyutirofil ta fi yawa. In ta hau ƙwarai, akan yi zaton ciwo mai ruɓa. In masu shan ja suka yawaita, akan nemi tsutsar ciki ko tsargiya. Da haka ake gane sankarar jini, a raba ta da wasu cututtuka.

Tarin fuka ya kama shi a 1888, ya tafi Masar jinya, ya komo ya ci gaba. A 1908 aka ba shi lambar Nobel tare da Metchnikoff. A 1910 ya fitar da Salvarsan, maganin tunjere. Ya rasu a 1915 yana da shekara 61, ya bar wa likitoci hanyar karanta jini yadda malami ke karanta allo.

Tamat.