Marigayi Rashidi Yekini: Ɗan Ƙwallon Da Ya Taso A Kaduna

An haifi marigayi Rashidi Yekini a garin Kaduna ran 23 ga watan Oktoba na 1963. Iyayensa mutanen Ira ne ta Jihar Kwara, amma a Kaduna ya girma, a can kuma ya fara wasan ƙwallon ƙafa sosai, a ƙungiyar masaƙar UNTL da ke Kakuri. A zamanin nan manyan kamfanoni kan riƙe ƙungiyoyin ƙwallo nasu na kansu, kuma ta wannan hanya ce samari da yawa na Arewa suka sami shiga gasar ƙasa.

Bai daɗe a nan ba sai ƙungiyar Shooting Stars ta Badun ta ɗauke shi. Yana cikinta a 1984 lokacin da ta kai wasan ƙarshe na cin kofin zakarun Afirka, inda Zamalek ta Masar ta doke ta. A wannan shekara ce kuma aka fara sa shi cikin 'yan wasan Nijeriya. Daga Badun ya koma Abiola Babes ta Abekuta, ƙungiyar attajirin nan Alhaji Mashood Abiola, sa'an nan a 1987 ya ƙetare zuwa Africa Sports ta birnin Abijan a ƙasar Kwaddibuwa.

Yekini ba mai yawan yanka ba ne, ba kuma irin ɗan wasan da kan tsaya yana burge 'yan kallo da ƙwallo a ƙafa ba. Ƙato ne mai ƙirji, ga gudu, ga bugu mai nauyi, ya kuma san inda zai tsaya kafin ƙwallo ta iso. Saboda haka duk ƙungiyar da ta saye shi ta kuma tanadi masu jefa masa ƙwallo a gaba, to ta ci riba. Wadda ba ta tanada ba kuwa, sai ta ga kamar an sayar mata da dokin da ba ya sukuwa.

Ƙungiyar da ta fi kowace gane wannan ita ce Vitoria Setubal ta ƙasar Fotugal, wadda ta saye shi a 1990. Shekara guda da zuwansa sai ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. A irin wannan hali shugabannin ƙungiyoyi kan yi gaggawar sallamar 'yan wasa da zarar an tafi hutun ƙarshen kaka, musamman baƙi, don a rage kashe kuɗi a kuma kwantar wa magoya baya da hankali. Amma Yekini ya ci gaba da zama a Setubal. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallaye 34, ƙungiyar ta koma rukuni na ɗaya. A kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya zama shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a duk ƙasar Fotugal, alhali kuwa ba a Benfica ko Porto ko Sporting yake wasa ba, wato manyan ƙungiyoyi uku da suka saba mamaye gasar. Samarin da kan kwana suna musu a majalisun Gaya da Ajingi kan wane ɗan wasa ya kamata a sayar, wane kuma a riƙe, ya dace su san cewa waɗannan ƙwallaye 55 sun zo ne bayan shekarar da kowa zai iya cewa cinikin bai yi albarka ba.

A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. A gasar cin kofin Afirka ta 1992 a Senegal ya fi kowa ci da ƙwallaye 4, a ta 1994 a Tunisiya kuma da 5, inda Nijeriya, ƙarƙashin mai koyarwa Clemens Westerhof, ta doke Zambiya da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin.

Sai babbar ranarsa, 21 ga Yuni 1994, a birnin Dallas na Amurka, a filin Cotton Bowl wanda asali don ƙwallon Amurkawa ta runguma da ture-ture aka san shi. Nijeriya ta kara da Bulgeriya a wasanta na farko a tarihin gasar cin kofin duniya. Finidi George ya bugo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta cikin raga, ya bi ta, ya riƙe ragar da hannu biyu yana girgizawa yana kuka. An tashi 3 da nema. Ita ce ƙwallon Nijeriya ta farko a wannan gasa.

To, a hutun wannan shekara ne aka yi cinikin da ya karya masa tafiya. Olympiacos ta ƙasar Girka ta saye shi yana ɗan shekara 30, sunansa na tashe ko'ina. Ga alama sunan aka duba, ba a duba ko tsarin wasan ƙungiyar zai karɓe shi ba. Wasanni kaɗan ya buga ya bar ta. Ya koma Sporting Gijon ta ƙasar Sifen, can ma bai yi wani abin kirki ba. Sai da ya je FC Zurich ta Suwizalan a 1997 ƙafarsa ta sake buɗewa, har ya sami shiga cikin waɗanda suka je gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, ko da yake galibi daga benci ake sako shi.

Bayan nan ya taɓa wasa a Tunisiya da Saudiyya, ya sake komawa Africa Sports, sa'an nan ya dawo gida ya buga wa Julius Berger ta Ikko. A 2005, yana da shekara 41, ya sake sa riga a ƙungiyar Gateway ta Abekuta na ɗan lokaci. Jimillar ƙwallayen da ya ci wa Nijeriya 37 ne, kuma har ya bar duniya babu wanda ya kamo shi.

Ya ƙare rayuwarsa a Badun, ba ya shiga jama'a sosai. Allah ya yi masa rasuwa ran 4 ga watan Mayu na 2012 yana da shekara 48, aka kai shi Ira aka binne. Allah ya jiƙansa, amin.