Eduard Zirm: Likitan da Ya Fara Dashen Koniyar Ido Ya Ɗore

A yau, idan hakiya ta rufe wa mutum ido, likita na iya yanke wurin da ya lalace ya dasa masa lafiyayye daga idon wani, in bukata ta taso kuma daga baya a goge dashen da hasken leza har gani ya daidaita. Mafi yawan masu cin wannan gajiya ba su taɓa jin sunan mutumin da ya buɗe ƙofar ba. Shi ne Eduard Konrad Zirm, likitan ido ɗan ƙasar Ostiriya, wanda aka haifa a birnin Viyana ranar 18 ga Maris, 1863.

Kafin a shiga tarihinsa, ya kamata mai karatu ya san abin da ake dasawa. Koniya ita ce tantanin nan mai haske kamar gilashi da ke gaban baƙin ido. Sunan daga Latin yake, daga kalmar da ke nufin ƙaho, saboda taurinta. Kaurinta a tsakiya bai wuce rabin milimita da ɗan ɗoriya ba, amma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Idan ƙuna ko rauni ko cuta suka bar mata tabo, sai ta yi fari, mutum ya makance alhali sauran sassan idonsa lafiya lau suke.

Zirm ya karanta likitanci a Jami'ar Viyana a zamanin da birnin yake cibiyar ilimin tiyata a Turai, kuma ya yi aiki a asibitin ido na jami'ar. A 1892 ya bar babban birnin ya tafi Olomouc, wani gari a yankin Morabiya wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek, don ya shugabanci sashen ido na asibitin garin. A can ya ƙare rayuwarsa ta aiki, nesa da manyan farfesoshi da shuhurarsu.

Tun kafin zamaninsa likitoci sun daɗe suna fama da wannan matsala. A 1838 wani likita a New York, Richard Kissam, ya dasa wa mutum koniyar alade, ba da jimawa ba ta dushe. A 1886 Bajamushe Arthur von Hippel ya dasa wa wata yarinya wani sashe na koniyar zomo, aka sami ɗan sauƙi, ya kuma ƙera wata wuƙa mai baki zagayayye wadda ke yanke koniya daidai wa daida. Amma dashen koniya mai cikakken kauri, wanda zai zauna garau ba tare da ya yi fari ba, ya gagari kowa.

A 1905 marasa lafiya biyu suka haɗu a hannun Zirm. Na farko leburan gona ne mai shekara 45, wanda farar ƙasar shafe bango, irin mai tafasa in an zuba mata ruwa, ta fantsamar masa a fuska a 1904 ta ƙone masa idanu biyu. Na biyu yaro ne ɗan shekara 11 da ƙarfe ya shige masa ido, har ya zama dole a cire idon, ko da yake koniyarsa ba ta lalace ba. Ranar 7 ga Disamba, 1905, Zirm ya sa wa leburan maganin barci mai nauyi, ya cire idon yaron, ya yanko da'ira biyu masu faɗin milimita 5 daga koniyarsa da wuƙar von Hippel, ya adana su cikin ƙyalle mai danshin ruwan gishiri da ɗumi, sannan ya dasa ɗaya a kowane idon mutumin. Babu madubin tiyata a lokacin, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yanzu, kuma zaren da ake da shi ya yi kauri da a ɗinke koniya da shi, don haka ta waje ya tokare dashen.

Idon dama bai yi ba. Na hagu kuwa ya zauna garau, mutumin ya koma gida yana gani, ya ci gaba da 'yan aikace-aikacensa. A 1906 Zirm ya buga bayanin aikin a mujallar likitocin ido ta Jamus, ya kuma jera sharuɗɗan da ya ga sun kawo nasarar: koniyar ta kasance ta ɗan Adam mai lafiya, a kiyaye tsafta matuƙa, maras lafiya ya yi barci sosai, yankan kuma ya dace da gurbinsa. Abin da ilimi ya bayyana daga baya shi ne, koniya ba ta da jijiyoyin jini, shi ya sa garkuwar jiki ba ta saurin far mata kamar yadda take far wa sauran sassa. Wannan ne dalilin da ya sa dashen koniya ya riga dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda aka yi a Boston a 1954, da kusan rabin ƙarni.

Zirm ya ci gaba da aiki a Olomouc har ya yi ritaya a 1928, bayan ya yi aikin yanar ido ga dubban mutane. Ya rasu a garin ranar 15 ga Maris, 1944, saura kwana uku ya cika shekara 81. A wannan shekarar ce Townley Paton ya kafa ma'ajiyar ido ta farko a New York, bisa tafarkin da Vladimir Filatov na Odessa ya share a 1931 lokacin da ya nuna cewa koniyar mamaci na iya ba rayayye gani.

Sai dai dashe ya bar wata matsala da Zirm bai iya magancewa ba. Ko da koniyar ta zauna garau, tabo da ɗinki kan sa ta karkace, ta zama kamar ƙwai maimakon ƙwallo, sai mutum ya riƙa ganin abubuwa dishi-dishi, wani lokaci har tabarau ya kasa gyarawa. A nan leza ta shigo. A 1983 Stephen Trokel da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wani nau'in leza na iya kankare koniya ƙanƙanin-ƙanƙanin ba tare da ya ƙone gefen wurin ba. Yanzu likita kan jira shekara guda ko fiye, a cire zare, siffar koniyar ta tsaya, sannan ya auna ta ya goge inda ya yi tudu. Aiki ne mai bukatar hattara, domin yana iya tayar da ƙin dashen ko ya bar hazo, kuma ba kowane ido ne ya dace da shi ba.

Mu da muka san yadda ƙyanda da amodari da tsiyaya magungunan gargajiya a ido suke barin hakiya a idanun yara da manya, akwai abin lura a wannan tarihi. Zirm bai yi aikinsa da na'ura mai tsada ba, kuma ba a babban birni ya yi shi ba. Tsafta da natsuwa da rubuta abin da ya gani dalla-dalla su ne jarinsa, sai kuma koniyar da aka samu daga wani yaro. Har gobe, komai ƙwarewar likita da kyan lezarsa, aikin ba ya farawa sai an sami wanda ya bayar da kyautar koniya.