Benjamin Spock

Benjamin McLane Spock (2 ga Mayu, 1903 – 15 ga Maris, 1998) likitan yara ne ɗan Amurka, zakaran tseren kwale-kwale a gasar Olamfik, kuma tsohon hafsa a rundunar sojojin ruwan ƙasarsa.

Farkon rayuwa da wasanni

An haife shi a New Haven ta jihar Connecticut, shi ne babba cikin 'ya'ya shida. A Jami'ar Yale ya fara tuƙin kwale-kwale. A 1924 Amurka ta tura tawagar jami'ar mai matuƙa takwas zuwa gasar Olamfik ta Paris. Suka lashe lambar zinare a kogin Seine, Kanada ta zo ta biyu, Italiya ta uku. Shekarunsa 21 a lokacin. Daga baya ya koma Jami'ar Columbia, ya kammala karatun likita a 1929.

Aikin soja

Daga 1944 zuwa 1946 ya yi aiki a sashen lafiya na sojojin ruwa, yana kula da masu matsalar taɓin hankali, har ya kai muƙamin Laftanar Kwamanda. A wannan tsakanin ne ya rubuta littafinsa kan renon jarirai: da dare yakan riƙa faɗa, matarsa Jane Cheney tana bugawa da tafireta. Littafin ya fito a 1946. Likitocin zamanin suna cewa a shayar da jariri bisa agogo kawai, kada a yawaita ɗaukarsa. Spock kuwa ya shawarci iyaye su amince da hankalinsu, su nuna wa yaro ƙauna. Kafin rasuwarsa an sayar da kwafi fiye da miliyan 50.

Adawa da yaƙi

Abin mamaki, tsohon hafsan nan shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan masu adawa da yaƙin Biyetnam. A 1968 kotu a Boston ta same shi da laifin haɗa baki wajen zuga matasa su ƙi shiga soja, ta yanke masa ɗaurin shekara 2. Bai zauna gidan yari ba, domin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1969. Masu sukarsa sun ce littafinsa ne ya sangarta matasan, zargin da ya musanta.

A 1972 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a wata ƙaramar jam'iyya, bai yi nasara ba. Ya rasu a San Diego ta jihar Kalifoniya yana da shekara 94.