Roberto Arlt: Ɗan Baƙi Da Ya Zama Bakin Talakawa

An haifi Roberto Arlt a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina a shekara ta 1900. Iyayensa baƙi ne matalauta daga Turai. Mahaifinsa yana jin Jamusanci, mahaifiyarsa kuwa ta fito ne daga birnin Trieste, wanda yau yake cikin Italiya. A unguwar Flores yaron ya girma, cikin gida marar kwanciyar rai.

Mahaifin mutum ne mai zafin hali. An ruwaito cewa idan yaron ya yi laifi, sai uban ya sanar da shi tun da dare cewa da wayewar gari zai sha bulala. Haka yakan kwana ido biyu yana jiran asuba. Karatunsa na makaranta bai yi nisa ba, tun yana saurayi kuma ya bar gida. Ya yi aikin kanikanci da fenti, ya yi yaron shago a kantin littattafai, yana karanta duk abin da ya shigo hannunsa. Ta haka ya koya wa kansa rubutu.

Littafinsa na farko, El juguete rabioso, ya fito a 1926. Labari ne na wani matashi da talauci ya rufe wa kowace ƙofa. A 1929 ya fitar da Los siete locos, wato Mahaukata Bakwai, wanda ya fi shahara cikin ayyukansa. Jarumin labarin, Erdosain, ya ci kuɗin kamfanin da yake wa aiki, matarsa ta tafi ta bar shi, ya faɗa hannun wata ƙungiyar asiri. Shi ma Erdosain yana tuna daren jiran bulalar mahaifinsa, domin marubucin bai taɓa warkewa daga wannan miki ba.

Aikin jarida ne ya shigar da sunansa gida-gida. A 1927 ya zama mai ɗauko labaran laifuffuka a jaridar Crítica. Daga 1928 ya koma jaridar El Mundo, inda yake da filinsa mai suna Aguafuertes porteñas. Kusan kullum yakan yi rubutu a kan ƙananan ma'aikata, da marasa aikin yi, da 'yan haya, da irin harshen da ake ji a titi. A 1933 ya zaga asibitocin birnin, ya bayyana wa jama'a halin ƙunci da marasa lafiya suke ciki. Wasan kwaikwayonsa na 1932, Trescientos millones, ya samo asali daga mutuwar wata baƙuwa 'yar aikin gida da ta kashe kanta, wadda shi ya ɗauko labarinta tun yana Crítica.

Masana na zamaninsa sun raina shi, suna cewa rubutunsa cike yake da kurakuran nahawu. Wadata ma ba ta zo masa ba. Ya sa rai ƙwarai ga wata safar mata da ya ƙirƙiro wadda ba ta saurin yagewa, amma sana'ar ba ta yi nasara ba.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi ran 26 ga Yuli, 1942, yana da shekara 42. Bayan rasuwarsa, manyan marubuta irin su Julio Cortázar da Ricardo Piglia sun ɗaukaka aikinsa, har ana lissafta shi cikin iyayen ƙagaggen labari na zamani a Ajantina. Yaron da ya rasa tausayi a gidan ubansa, shi ne ya ƙare kwanakinsa yana jawo hankalin jama'a ga waɗanda ba wanda yake tausaya musu.