Sheridan Le Fanu: Marubucin da makokin matarsa ya haifar da labarin soyayyar gawa mai shan jini

Iyaye da yawa kan yi mamaki idan suka tarar da 'ya'yansu matasa sun duƙufa a kan littattafai da finafinan Turawa da ke ba da labarin budurwa da ta kamu da son mataccen da ke tashi da dare ya sha jinin rayayyu. Wannan halitta ta tatsuniyoyin gabashin Turai ta sha bamban da mayen da Hausawa suka sani. Shi maye, a camfin Bahaushe, rayayye ne da ke kama kurwar mutum. Wannan kuwa gawa ce da aka binne amma ta ƙi kwanciya, kuma sau da yawa waɗanda ta fi ƙauna take fara komawa wa. Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka mayar da ita labarin shaƙuwa da kewa shi ne Joseph Sheridan Le Fanu, ɗan jarida daga ƙasar Ailan, wanda ya shafe shekaru 15 na ƙarshen rayuwarsa cikin makoki.

An haife shi a birnin Dublin ranar 28 ga Agustan 1814. Kakanninsa Kiristocin Faransa ne mabiya ɗarikar Furotesta da suka yi hijira saboda tsangwamar addini. Mahaifinsa, Thomas Le Fanu, limamin coci ne, kuma a 1826 aka tura shi Abington da ke gundumar Limerick, inda akasarin mutane mabiya Katolika ne. Doka ta tilasta wa manoman yankin biyan wani kaso na amfanin gonarsu ga cocin da ba nasu ba. Da suka yi bore a farkon shekarun 1830 suka daina biya, sai gidan limamin ya shiga talauci da fargaba. Yaron ya tashi yana sanin yadda ake zama a babban gida wanda maƙwabta ba sa ƙauna, kuma irin wannan gida ya riƙa bayyana a labaransa har ƙarshe.

Ya yi karatu a Kwalejin Trinity ta Dublin, ya zama lauya a 1839, amma bai taɓa aikin lauya ba, sai ya rungumi aikin jarida. Tun a 1838 mujallar Dublin University Magazine ta buga labarinsa na farko na fatalwa. Daga baya ya auri Susanna Bennett, 'yar wani babban lauya, suka haifi 'ya'ya huɗu, mata biyu da maza biyu. A 1856 iyalin suka koma gidan surukansa da ke dandalin Merrion.

A wannan gida ne al'amura suka dagule. Susanna ta yi rashin 'yan uwa da dama a jere, ciki har da mahaifinta, sai damuwa ta kama ta, ta fara kokwanto a kan imaninta, tana tsoron abin da ke jiran ta bayan mutuwa. A watan Afrilun 1858 wata matsananciyar ruɗewa ta taso mata, washegari ta mutu. Abin da Le Fanu ya rubuta a kundin sirrinsa a lokacin ya nuna mutumin da baƙin ciki ya haɗu masa da zargin kai, domin yana ganin bai iya kwantar mata da hankali ba a lokacin da ta fi bukata.

Daga nan ya ajiye rubutun ƙagaggun labarai har sai bayan mutuwar mahaifiyarsa a 1861. Mutumin da aka sani da raha a majalisun Dublin ya janye daga jama'a, har mutanen gari suka yi masa laƙabi da Yariman da Ba a Gani. An ruwaito cewa da tsakar dare yake rubutu, a kan gadonsa, da hasken kyandir. A 1861 ya sayi Dublin University Magazine ya zama editanta, kuma a cikinta ya fitar da manyan littattafansa, ciki har da Uncle Silas na 1864, labarin marainiyar da aka damƙa wa baffan da ke kwaɗayin gadonta.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne Carmilla, wanda mujallar The Dark Blue ta buga kashi-kashi tsakanin 1871 da 1872. Mai ba da labarin budurwa ce 'yar shekara 19 mai suna Laura, wadda mahaifiyarta ta mutu tun tana jaririya, take zaune da mahaifinta a wani keɓantaccen gida a yankin Styria na ƙasar Ostiriya. Tana ɗokin zuwan wata baƙuwa sa'arta, sai saƙo ya iso cewa yarinyar ta mutu. A daren ne keken doki ya kife a ƙofar gidansu, aka bar musu wata kyakkyawar budurwa mai suna Carmilla. Shaƙuwa mai tsanani, wadda ta wuce ƙawance na yau da kullum, ta shiga tsakaninsu, alhali Laura na ramewa kullum, 'yan matan ƙauyukan kusa kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe aka gano baƙuwar ita ce Mircalla, wata basarakiya da aka zana hotonta tun 1698, kuma daga zuriyar da mahaifiyar Laura ta fito.

Abin lura shi ne kusan kowa a labarin yana cikin rashi. Mahaifin Laura ya rasa mata, janar ɗin da ke farautar Carmilla ya rasa yarinyar da ya raina, kuma mutumin da ya ɓoye kabarin Mircalla tun da daɗewa ya yi haka ne don yana son ta, bai iya jure a taɓa gawarta ba. Ko bayan an tono kabarin an ƙone gawar, an kai Laura Italiya don ta warke, takan ji kamar takun Carmilla a bakin ƙofa. Mutumin da ya kasa sakin matarsa ya rubuta labarin da ke nuna cewa riƙe matattu da ƙarfi yana cin ran mai riƙon, kuma sakinsu ma ba ya kawar da kewa.

Le Fanu ya mutu a gidansa ranar 7 ga Fabrairun 1873 yana da shekara 58, aka binne shi a maƙabartar Mount Jerome. Bayan shekara 25 da fitowar Carmilla, wani ɗan Dublin, Bram Stoker, wanda ya taɓa rubuta sharhin wasan kwaikwayo a jaridar Dublin Evening Mail da Le Fanu ke da hannun jari a cikinta, ya wallafa Dracula a 1897. Shaharar Dracula ta danne sunan Le Fanu, har sai da marubuci M. R. James ya tattara wasu labaransa ya sake bugawa a 1923.

Zaren da ya fara saƙawa bai tsinke ba. Anne Rice ta wallafa Interview with the Vampire a 1976 bayan cutar sankarar jini ta kashe ƙaramar 'yarta. A littafin matasa The Silver Kiss na 1990, mahaifiyar jarumar tana jinyar ajali. A The Vampire Diaries na 1991 jarumar marainiya ce, a New Moon na Stephenie Meyer na 2006 kuwa budurwar ta shafe watanni cikin ƙunci bayan masoyinta ya tafi ya bar ta. Matashin da ya rasa uwa ko aboki, kuma aka ce masa ya yi haƙuri ba tare da an zauna an saurare shi ba, yakan tarar a irin waɗannan littattafai da wani mai irin ciwonsa. Uban da ya ga ɗaya daga cikinsu a hannun 'yarsa yana da damar ya tambaye ta wa take kewa, kafin ya yanke hukunci a kan littafin.