Abdu Mumuni Dioffo: ɗan Tasawa da ya san abin da zai yi da digirinsa

Sunan Abdu Mumuni sananne ne a Nijar, tun da shi ne sunan babbar jami'ar Yamai. Amma a garuruwa irin su Dakoro, ba kowa ya san cewa mai wannan suna haifaffen jihar Maraɗi ne ba. A Tasawa aka haife shi ranar 26 ga watan Yuni 1929, ya rasu a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu 1991. Rayuwarsa tana da amsa ga tambayar da ke damun matasan da suka gama digirin digirgir a yau: bayan takarda, sai me?

Ya fara lakwal a Damagaram da Yamai, sannan ya wuce makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal. Daga nan ya tafi Faransa karatun kimiyyar fiziya a birnin Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyon, wadda ke tace manyan malaman Faransa, ya zama mutum na farko daga ƙasashen Afirka baƙar fata da Faransa ta mallaka da ya ci ta a wannan fanni. Tun yana ɗalibi yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa masu neman ƴancin kai.

Da irin wannan takarda, zama a Turai ba zai yi masa wuya ba. Sai ya dawo ya riƙe alli a Dakar. A 1958, da Gine ta ƙi amincewa da tayin Janar De Gaulle, Faransawa suka janye ma'aikatansu, sai ya tafi Konakiri ya koyar, kafin ya komo Yamai.

A farkon shekarun 1960 ya yanke shawarar da ta tsara sauran rayuwarsa. Ya samu tallafin bincike a Tarayyar Sobiyet, ya tsayar da hankalinsa a kan makamashin hasken rana, abin da Sahel ke da shi a yalwace ba tare da an saya ba. A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, ƙasar Mali. A wannan shekara kuma littafinsa kan ilimi a Afirka ya fito a Paris, inda ya nuna illar makarantar da ƴan mulkin mallaka suka bari, ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunan gida. Digirin digirgir ɗinsa na ƙasa ya zo a 1967, lokacin da ya riga ya san matsalar da yake nema wa magani.

Shekara biyu bayan haka, a 1969, ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar. A lokacin ƙasar ba ta da jami'a ko ɗaya, sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai. Bai jira komai ya kammala ba. Shi da ma'aikatansa suka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da murhun girki, da na busar da amfanin gona, duk da zafin rana. A 1979 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai, ya ci gaba da riƙe ONERSOL har 1985. Ya haɗa bincike da koyarwa da shugabanci, ya yaye ɗaliban da za su gaje shi. A 1992 aka raɗa wa jami'ar sunansa.

Matsalolin da ya sa a gaba har yanzu suna nan. A Dakoro, inda noma da kiwo suka haɗu, mata na yin tafiya mai nisa neman itacen girki, makiyaya na jan guga daga rijiyoyi masu zurfi da raƙuma da shanu. Inda aka kafa famfo mai aiki da rana kuwa, wahala ta ragu, sai dai yawancin kayan daga waje ake shigo da su, abin da marigayin ya so a ce an ƙera a gida.

Yanzu jihar Maraɗi tana da jami'arta, ta Dan Dicko Dankoulodo, matasa masu digirin digirgir kuma sai ƙaruwa suke. Wasu na rasa ɗakin bincike da kuɗin aiki, su tafi waje ba su dawo ba. Abdu Mumuni ma ya fita, har sau da dama, amma kowace tafiya da abin da ya je ɗaukowa. Ya zaɓi matsala ɗaya daga cikin na mutanensa, ya nemi ƙwarewa inda take, ya dawo ya gina wurin aiki, ya zauna a kai sama da shekara ashirin. Allah ya jiƙansa da rahama.