Tarihin Rayuwar Kamilo Golji (1843–1926)

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan rayuwar Kamilo Golji, likita ɗan ƙasar Italiya wanda aka laƙaba sunansa ga wani sashe na ƙwayar halitta. Aikin wannan sashe shi ne shirya sinadaran da ƙwayar ke fitarwa, ya ƙulle su cikin 'yan jakunkuna, kamar yadda mai shago ke ƙulla sukari a leda.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Golji ranar 7 ga Yuli, 1843, a ƙauyen Korteno da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa likita ne, shi ma ya gaje shi, inda ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Pabiya a 1865. A 1872 ya karɓi aikin babban likita a wani asibitin masu doguwar jinya kusa da birnin Milan. Da yake babu ɗakin gwaje-gwaje a wurin, sai ya mayar da ɗakin girki wurin bincikensa. A nan ne, a 1873, ya gano hanyar rina naman ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa, ta yadda ƙwayar jijiya guda za ta fito baƙa wuluk da dukkan rassanta a ƙarƙashin madubin likita. Daga baya ya koma Pabiya ya zama farfesa.

Bincikensa kan Zazzaɓin Cizon Sauro

Duk mazaunin Gombe ya san yadda zazzaɓi ke kwantar da mutane da damina, ya sauka, ya sake dawowa. Golji ne ya bayyana dalilin wannan kai-komo. Daga 1885 ya riƙa bin diddigin ƙwayar cutar a jinin majinyata, ya gano cewa tana hayayyafa a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma lokacin da suka fashe suka sako 'ya'yanta ne zazzaɓin ke tashi. Ya nuna akwai nau'in da ke dawowa bayan awa 48, akwai kuma na awa 72.

Sashen da Ke Ɗauke da Sunansa

A 1898, yana nazarin ƙwaƙwalwar mujiya, ya ga wani abu mai kama da raga a cikin ƙwayoyin jijiya. Masana da dama sun ƙi yarda, suka ce tabon rini ne kawai. Aka yi ta wannan gardama fiye da shekara 50, sai a 1954 madubi mai aiki da lantarki ya tabbatar da cewa abin yana nan. A lokacin Golji ya daɗe a ƙasa.

Waɗanda suka biyo baya ne suka fayyace aikinsa. Joj Palade, wanda ya sami kyautar Nobel a 1974, ya nuna cewa furotin ɗin da ƙwaya za ta fitar yana bi ta sashen Golji, a can ake ƙulle shi cikin jaka. A 2013 kuma aka ba Jems Rotman da Randi Shekman da Tomas Zudhof kyautar saboda gano furotin masu kula da wannan sufuri. Wasu suna riƙe jakar su haɗe ta da bangon ƙwaya kamar haƙoran zif, wani kuma yana jiran shigowar sinadarin kalsiyom kafin ya bari a zazzage kayan. Bayan haka ƙwayar tana janyo fatar jakar ta koma ciki, a sake cika ta. Ta wannan hanya ce insulin ke shiga jini, kuma idan ta sami tangarɗa ana iya kamuwa da ciwon sukari ko cutar jijiya.

Saɓaninsa da Kahal

A 1906 aka raba kyautar Nobel tsakanin Golji da Santiyago Ramon Kahal na ƙasar Sifen. Kahal ya yi amfani da rinin Golji ya nuna cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi. Shi kuwa Golji ya dage cewa duk a haɗe suke kamar raga guda, har ya soki ra'ayin abokin rabonsa a jawabin karɓar kyautar. Gaskiya ta tabbata ga Kahal: akwai ɗan rata tsakanin ƙwaya da ƙwaya, kuma 'yan jakunkuna ne ke zuba sinadarin da ke tsallakar da saƙo. Abin lura shi ne, furotin ɗin da ake ɗinka waɗannan jakunkuna da su ta sashen Golji suke bi. Wato abin da ya gano da idonsa yana cikin abubuwan da suka rushe ra'ayin da ya riƙe har mutuwarsa.

Rasuwarsa

Golji ya shugabanci Jami'ar Pabiya, ya zama ɗan majalisar dattawa a 1900, ya kuma kula da asibitin sojoji lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya rasu a Pabiya ranar 21 ga Janairu, 1926, yana da shekara 82. A yau ana kiran mahaifarsa Korteno Golji.

Kammalawa

An ga yadda Golji ya yi daidai a inda aka ƙaryata shi, ya kuma kauce a inda ya fi dagewa. Ɗalibin da ke tattara bayanai a fagen harshe ko adabi zai amfana idan ya bambance abin da ya ji da kunnensa da fassarar da ya yi masa, domin na farkon ya fi na biyun tsawon rai.